Ɗakin Gefen Mai Faci

Ranar Litinin Yaya ya ba Auta wa'adi. Ɗakin da ke manne da rumfarsa ta faci ya shekara a kulle yana jiran ta, tun da kamfanin sabulun da take wa aiki ya rufe. Yanzu ga wani mai sayar da cajar waya ya matsa masa yana so ya kama haya.

"Asabar zai dawo," in ji Yaya, yana juya taya a bahon ruwa yana neman inda take yoyo. "Ki zo min da sana'a ɗaya wadda in na ji zan ce to. In babu, wallahi ba shi zan yi. Ɓeraye ne kawai ke morar ɗakin nan."

Yaya ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba birki. Duk da haka gaban Auta ya faɗi, don ta san in ya rantse ba ya warwarewa. Ɗakin nan kuwa shi kaɗai ya rage mata da za ta nuna ta ce daga nan zan fara.

Ba wai ba ta yi tunani ba, tunanin ne ma ya yi mata yawa. Ta cika littafi guda da dabaru: turare, takalman yara, kayan kwalliya. Kowace sai ta wuni tana ƙawata ta a ranta, washegari ta zaga layin ta tarar mutum uku sun riga ta, biyu a cikinsu suna hamma a bakin shago. Ƙawayenta kuwa shawara ba ta yi musu wuya, tunda ba su za su zauna gadin kayan ba.

Ranar Talata ta ɗauki tsintsiya ta je ta buɗe ɗakin, wai ko zama a ciki zai buɗe mata kai. Ƙofarsa lungu take kallo, ba titi ba, wannan ma wani abin damuwa ne ga mai neman masu saye. Ta share, ta kakkaɓe yanar gizo, ta kifa bokiti ta zauna ta yi tagumi. Ta bango ta ji babur ya tsaya a gaban rumfar.

"Maigida, saƙon malamar asibitin nan ne ta gidan sama," in ji mai babur ɗin. "Na kira ta tana wurin aiki, ta ce in bari a wurinka."

"Ni mai faci ne ko gidan waya? Na huɗu ke nan yau." Da wannan mitar Yaya ya karɓa da hannunsa mai baƙin mai, ya cilla kan tsofaffin tayoyi.

Da yamma malamar ta zo, a gajiye tiɓis. Aka lalubo ledar a ƙarƙashin wata taya, ta huje, mai ya shiga ya ɓata sabon farin takalmin da ta saya na aiki. Ba ta yi faɗa ba, don alfarma aka yi mata. Ta dai tsaya tana juya takalmin a hannu.

"Ba komai, Malam," ta ce a sanyaye. "Da akwai wani wurin da ban dame ka ba. Gidanmu ba kowa sai yamma."

Auta tana tsaye a bakin lungu da tsintsiya a hannu, tausayin matar ya kama ta. Sai da malamar ta yi nisa sannan maganar ta sauka mata sosai. Ta juya ta kalli ɗakinta, shararre, a bushe, ga ƙofa mai kwaɗo.

Washegari da sassafe ta tare mai babur ɗin a kwanar layi ta tambaye shi ko suna yawan tarar da gida ba kowa.

"Anti, ai rabin wahalarmu ke nan. Mu zo a rufe, mu koma da kaya, gobe mu sake ƙona mai."

Ta ce masa daga yau ya riƙa kawo irin waɗannan saƙonnin ɗakinta na lungu. Ta ɗauko allunan wani tsohon gado daga gida, ta ɗora kan bulo, ta rubuta lambobi da alli. Duk saƙon da ya zo sai ta ba shi lamba, ta tura wa mai shi ta waya, in ya zo ya faɗi lambar ya ba da ɗan abin ajiya ya ɗauki kayansa. Laraba saƙo biyu ta samu, Alhamis biyar. Ranar Juma'a mai babur ɗin ya zo da abokan aikinsa guda biyu. Ba ta gaya wa Yaya ba, tsoro take ji. Ita kanta ba ta tabbata shagon da ba a sayar da ko allura a cikinsa sana'a ba ne. Shi kuwa kansa na ƙarƙashin motoci, injin iska na ta ruri, bai san wainar da ake toyawa a lungu ba.

Asabar da hantsi mai caja ya iso, har da igiyar awo a aljihu. Yaya ya goge hannu da tsumma ya kira ta.

"To, Auta, me za ki sayar?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai?" Ya haɗe rai.

Ta fara bayani tana sarƙe magana, ta faɗi na ƙarshe kafin na farko. Mai caja ya yi murmushi ya zaro igiyarsa. Yaya ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya. Kwana uku ke nan ba wanda ya miƙo min leda ina tsakiyar aiki. Na ɗauka sun yi zuciya ne saboda takalmin baiwar Allahn nan."

"Suna wurina, Yaya."

Ya zagaya lungun ya shiga ɗakin, ita tana biye da shi kamar mai laifi. Ya daɗe yana kallon kwalaye da ledojin da ke jere, kowanne a gaban lambarsa. Ya danna allo ɗaya da tafin hannu, allon ya yi lilo. Ya yi tsaki ya fita. Auta ta runtse ido, ta sallama.

"Malam, naɗe igiyarka," ta ji yana cewa a waje. "Ka yi haƙuri, ɗaki da mai shi." Sannan ya ɗaga murya ta bango. "Ke kuma gobe zan turo kafinta. Kada ki karya wa mutane kaya ki ja min magana."

Auta ta buɗe ido. Ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. Wani sanyi ya ratsa ta, nauyin shekara guda ya sauka daga ƙirjinta. Ta so ta amsa masa da to, Yaya, amma sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.