Wa Ya Ɗauko Auta Daga Ruwa

Ranakun Asabar da yamma ake zaman ajin koyon rubuta labari, a wani ɗaki na makarantar firamare da ke bayan tashar mota. Kujerun na yara ne, sai ka ga dattijo ya zauna gwiwa na neman taɓa haɓa. Fankar ɗakin ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Malamar da ke koyarwa ta taɓa aiki a gidan jarida, tana gyara kurakuran marubuta. Yawancin ɗalibanta sun haife ta, don haka daga Baba sai Mama take kiransu, amma wannan bai hana ta jan biro a kan aikinsu ba.

A cikin ɗaliban akwai wata tela, da wani mai shagon littattafai da ake yi wa laƙabi da Ƙamus saboda son manyan kalmomi, sai kuma wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Ƙanen mai aski ne. Furfura ta gama cin kansa, yana da jikoki, amma har yanzu Auta ake kiransa. Shi ya fara shiga ajin, ya ce ya gaji da jin labaran mutane a shago suna shiga ta kunnen dama suna fita ta hagu. Wan kuwa tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi. Da farko kawo Auta kawai yake yi a tsohuwar motarsa, ya zauna a waje yana gyangyaɗi. Wata rana Malama ta ce ya shigo inuwa, ta ajiye masa takarda da biro a gabansa ba tare da ta tambaye shi ba. Shi ke nan ya zama ɗalibi.

Da zangon karatu ya yi nisa, Malama ta ba su aiki: kowa ya rubuta labarin wani nasa da ya rasu, a rana guda, a wuri guda.

"Kada wanda ya ce mini mutumin kirki ne," in ji ta. "Duk mamaci mutumin kirki ne. Ku nuna mini abin da ya yi da hannunsa."

Da Asabar ta zagayo, Auta ya miƙe ya karanta nasa. Labarin ranar da ruwa ya shiga gidansu ne, yana ɗan ƙaramin yaro. An wuni ana tafka ruwan sama, magudanar bayan gida ta toshe, kafin la'asar ruwa ya haye dokin ƙofa ya fara yawo da kwanuka a tsakar ɗaki. Shi yana tsaye a kan tebur yana tsala ihu. Sai mahaifinsu ya shigo, wando naɗe har gwiwa, ya ɗaga shi ya aza a wuya ya ce, "Riƙe kaina." Ya riƙe. Gashin a jiƙe yake, kuma akwai wani ɗan tabo a bayan kunne da yatsansa ya yi ta shafawa har suka fita kan titi. Ba a daɗe ba bayan haka mahaifin ya rasu. Auta ya ce fuskarsa ma a hoto ya san ta, wannan kan da ya riƙe shi ne kawai abin da ya rage masa.

Auta ya koma ya zauna. Telar ta sa bakin mayafi ta share ido. Ƙamus ya ɗaga hannu ya ce a fahimtarsa wannan riƙon kai shi ne musabbabin da ya sa marubucin ya rungumi sana'ar aski. Auta ya ce a'a, makaranta ce ta ƙi shi.

Ana cikin dariya Direba ya yi gyaran murya.

"Malama, ana iya gyara?"

"Bismillah, Baba."

"Labari ya yi daɗi. Amma ba Baba ne ya ɗauke shi ba. Ni ne. Baba yana gidan waya wajen aiki, sai da ruwa ya janye ya dawo."

Auta ya juyo ya dube shi. "Yaya, kai a lokacin nawa kake da za ka ɗauke ni?"

"Na isa zuwa kasuwa ni kaɗai. Tabon ma nawa ne." Ya lanƙwasa kunnensa yana nuna wa aji. "Ga shi nan."

"Kan nan ni nake aske shi tun kafin ya yi sanƙo. Tabonka na hagu ne, kuma ƙofar mota ce ta yi maka shi bayan ka yi aure."

"Akwai wani a ƙarƙashinsa."

Malama ta buga biro a kan tebur. Ta ce nan ba kotu ba ce, ba ta da hurumin yanke hukunci a kan ruwan da aka yi tun kafin a haife ta. In Baba Direba yana da nasa labarin ranar, ga takarda ga biro.

Ya kuwa rubuta. Nasa ya fito kamar rahoton da direba ke bai wa mai mota: ga inda ruwa ya shigo, ga inda ya kai, ga yadda kaji suka hau katanga, ga takalminsa ƙafa ɗaya da ruwa ya tafi da shi. Ya ce yaron ya fi ƙarfin wuyansa, sau da dama ya kusa kifawa, kuma ya yi masa fitsari a ƙeya kafin su kai titi. Aji ya yi dariya, Malama ta yaba wa kajin. Auta bai ji ko ɗaya ba, don ranar bai zo ba. Ya aiko cewa shago ya cika.

Da Direba ya je aski a tsakiyar mako, an yi masa askin tsaf, an karkaɗe masa wuya, amma ban da gaisuwa babu abin da ya shiga tsakaninsu. Masu jiran layi suka yi ta kallon juna, don sun saba in waɗannan biyu suka haɗu sai an kashe rediyo.

Telar ce ta kawo shawara. Ta ce in har akwai sauran wanda ya ga abin da idonsa, me zai hana a tambaye shi? Akwai kuwa: Goggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda take zaune a gidansu a wancan lokaci. Ta tsufa tukuf, tana wurin 'yarta a can ƙarshen gari. Direba ya je ya tsaya da mota a ƙofar shago ya yi ta danna oda har Auta ya gaji ya rufe ya fito.

Sun same ta a baranda, an jingina ta da matashi, tana ɓare lemo da farce. Bayan gaisuwa Direba ya zayyana mata abin da ya kawo su. Ta saurara har ƙarshe, ta tofar da ƙwallon lemo a tafin hannu.

"Ku duka biyu maƙaryata ne," ta ce. "Ni na goya shi."

"Goggo, a wuya aka ɗauke ni."

"A bayana ka fita, da zanen gado na ɗaure ka. Ubanku yana nan, amma keken aikinsa ya ɗora a ka, kada ruwa ya taɓa kayan gwamnati. Kai kuma," ta nuna Direba da haɓa, "kana kan katanga kai da kaji, kana kukan takalmi."

Auta ya fashe da dariya har da buga cinya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin Goggo ta ci gaba da cewa da ta fito da shi sai ta miƙa shi ga mijinta, alhali kowa ya san sai da yaran suka girma ta yi aure. Daga nan ta shiga labarin wata gada da ta karye, wadda babu irinta a unguwar. 'Yarta, da ke zuba musu shayi, ta sunkuyo ta raɗa musu cewa su yi haƙuri, jiya ma da sunan wata ƙawarta da ta daɗe da rasuwa ta wuni tana kiranta.

Har sun miƙe za su tafi Goggo ta riƙo hannun rigar Auta.

"Wuya kam ka hau shi, ɗan nan. Kullum ubanku ya taso daga aiki sai ya aza ka ya kai ka bakin titi kallon motoci, kana murɗa masa kunne kamar sitiyari. Wancan yana biye da ku a baya, ya kumbura baki, don an ce masa ya girma."

A hanyar komawa suka tsaya a danja. Direba yana kallon gaba ya ce, "Lokacin da Baba yake ɗaukata ban yi wayo ba. Da na yi wayo kuma, kai ka iso."

Auta ya dubi titi. Can ya ce, "Yaya, danja ta ba da hannu." Suka wuce.

A ƙarshen zango Malama ta tattara labaran ɗalibai za ta kai a buga su a ɗan ƙaramin littafi. Ta tambayi 'yan'uwan ko akwai abin da suke so su sauya. Auta ya ce ko waƙafi kada a taɓa masa. Direba ya karɓi nasa ya soke layin da ya ce mahaifinsu yana wajen aiki, bai sa komai a madadinsa ba. Malama ta ce yanzu mai karatu zai tambaya ina uban yake. Ya ce to, ya tambaya. Aka buga labaran biyu a shafuka masu kallon juna, a ɗaya uba ne ya ɗauki yaro, a ɗayan wa ne.

Sun kai wa Goggo kwafi, 'yarta ta karanta mata duka biyun da ƙarfi a kunne. Ta ce aikin banza ne, littafin da babu ita a ciki, kuma in da kunya a zo a rubuta nata tun tana da sauran numfashi. Auta ya ce shi shago ba zai bar shi ba. Direba ne ya ɗauki aikin.

Tun daga nan yakan je wurinta a tsakiyar mako, ya zauna a barandar da takarda a cinya. Ba ta sake komawa kan ruwan ba. Ta ba shi labarin shekarun da ta yi tana shara a asibiti, da wani likita mai tsoron ɓera, da saurayin da ta ƙi saboda yana tauna abinci da ƙara. Yakan rubuta yadda ta faɗa, har da zagin. Da sabon zango ya kama, abin da yake karanta wa aji ke nan. Malama ta ce bai taɓa rubuta abin da ya kai shi ba, sai dai ya taimaka ya riƙa sa aya, don tana karantawa numfashinta na ɗaukewa.