Kaina Ƙasa, Matar Ɗana a Ƙofa

Shekara talatin na yi zaune a biro ina aikin ofis, ba abin da na fito da shi sai ciwon baya. Wani kafinta a kasuwar Katako ya ƙera mini teburin da na gani a salula, wanda ake ɗaure ƙafafun mutum a juya shi kai ƙasa, wai ƙashin baya ya miƙe. Likita ta hana ni saboda hawan jini, don haka na bari sai da mutanen gida suka tafi suna, na hau.

Ya juya da ni lafiya lau, amma ya ƙi dawowa. Riga ta zubo ta rufe mini fuska, ciki a waje, jini ya taru a kaina, idanuna kamar za su faɗo. Na yi ta ihu.

Ashe Zuwera tana gida, matar ɗana Habibu, wadda tun aurensu ba ta taɓa taka ɗakina ba don kunya. Na ji ta durƙusa bayan labule.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

"Shigo ki juya ni!"

"Baba, bari in kira shi a waya."

"Habibu yana Lamorde, ƙetaren gada! Gawata zai zo ya juya?"

Ta shigo ido rufe tana lalube, ta danna teburin na dawo daidai, ta ruga.

Bayana yana nan yadda yake. Wata biyu ke nan, sai na leƙa ta labule na ga ba ta tsakar gida kafin in fita daga ɗakina.