Kwantaccen Cikin Hure

A shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa, babu mai ƙiba a ƙauyen su Hure sai rago guda, na mijinta Nata'ala. Mutane sun koma cin tafasa da yaɗiya, an sayar da awaki, an sayar da tasoshi, amma shi gogan yana ɗaure a turke yana tuƙar harawa hankalinsa kwance. Kowa ya san dalili. Ragon suna ne, domin Hure tana da ciki.

To, cikin ne dai ya ƙi fitowa. Tun kakar bara jininta na wata ya fara yi mata wasa, ya zo, ya ɓace, ya leƙo kaɗan, daga nan ya ɗauke ɗif. Ungozomar unguwa ta lallatsa mararta ta ce ciki ne, yunwa ce ta sa ya kwanta. Wannan ba baƙon zance ba ne a ƙasar. Kowa ya taso yana jin cewa ciki yakan kwanta shekara da shekaru, sai ranar da Allah ya nufa ya tashi. Hure ta haihu sau uku da ƙuruciyarta, duka ukun sun koma tun ba su yi baki ba, yanzu kuwa furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Da Nata'ala ya ji maganar ungozoma, ɗaki ya shiga ya saki asabari ya sha kukansa, ya fito ya nufi kasuwa ya jawo ɗan rago.

Aka shiga aikin tayar da ciki. Kunun kanwa da yaji safe da yamma, jiƙon citta da kanumfari, rubutu daga wajen liman, zane biyu a ƙugu kada sanyi ya shige ta, kuma ta riƙa zama kusa da murhu. Duk ta yi. Abin da ya biyo baya shi ne zafi. Tana zaune lafiya lau sai ta ji ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska har fatar kai, zuciya tana dukan uku-uku, gumi ya jiƙa riga sharkaf. Kafin a sauke tukunya ya wuce, ya bar ta da karkarwar sanyi. Barci ya yi ƙaura, mantuwa ta tare, ta zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya, kaza ma in ta gifta gabanta sai ta sha zagi.

Shi kuwa Nata'ala, bawan Allah, duk lokacin da ya ga fuskarta ta jiƙe sai ya ajiye abin da yake yi ya washe baki.

"Ya motsa ko?"

"Wataƙila, Malam," in ji ta, tana goge wuya da bakin zane.

Ita Hure Allah ya yi ta da tambayar tsiya. Tun tana yarinya ta sha dunguri a kan haka, ba ta daina ba. Ta ɗauki ciki uku, ta san motsin ɗa, kuma ba ta taɓa jin ɗan da yake motsi a fatar kai ba. Ta lura da wani abu ma: makon da yaji ya ƙare a gidan, ba a samu na saye ba, zafin ya yi mata sauƙi. Abin ya tsaya mata a rai. Wane irin ciki ne wannan da maganinsa ke ƙara masa ciwo?

Da ta bar zancen a cikinta, ba don abin da Nata'ala ya zo da shi ba. Harawa ta ƙare, rumbu ya koma sai ɓeraye, ya ce ya gama magana da Alhaji Sama'ilu mai awo: ranar kasuwa zai ba shi gonar bayan gida jingina, ya karɓi dawa da dusa. Gonar nan ita ce ransu. Ita ke shan takin gidan tun zamanin kakansa, ita kaɗai ta ba su 'yan dammuna a farin nan. Kuma duk wanda ya ba da gona jingina a waɗannan shekarun, bai ƙara taka ta ba sai a matsayin ɗan ƙwadago.

"Malam, ka sayar da ragon mana."

"In sayar? Ranar da cikin ya tashi fa, in yi suna da me? Sau uku ina yanka, Hure. Na huɗun ne zan ji kunya?"

Ya kafe kai da fata. Ta ga ba ta da abin da za ta ja da shi, tun da ita kanta ba ta san abin da ke jikinta ba. Sai ta ƙudura za ta sani kafin ranar kasuwa.

Yunwa ta sassauta kulle a shekarun nan, mata suna fita gungu-gungu neman ganye. Nan Hure ta baza tambayarta. Wa ya taɓa ganin kwantaccen ciki ya tashi? Ai kowa ya sani, in ji su. Maƙwabciyarta Luba ta ce wata a Tofa ta haihu bayan shekara biyar, ɗan har da haƙora.

"Kin gan ta da idonki?"

"Surukar yayata ce ta gani."

Wata ta ce a wajen Rijiyar Zaki aka yi, wata ta ce can gaba da Rimin Gado. Kullum dai a wani gari ne, kullum wata ce ta gani. A ƙarshe Luba ta gaji da ita ta ce, "Ke, ki je wajen Inna Jumma mana, ai ita ma nata ya taɓa kwanciya."

Inna Jumma tsohuwa ce tukuf, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Hure ta same ta a inuwar danga tana kaɗi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗo kan zancen.

"Inna, an ce ke ma naki ya taɓa kwanciya. Yaushe ya tashi?"

Tsohuwa ta murza mazari a cinya. "Bai tashi ba tukuna."

Hure ta dubi busasshen cikin Inna, ta dubi ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da fara ta cinye mana dawa. Ke lokacin ko zane ba ki fara ɗaurawa ba."

"Ya zo miki da zafi?"

"Zafi? Har kaina na taɓa tsomawa a randa, aka ce iska ce."

"Da rashin barci? Da faɗan babu gaira babu dalili?"

Inna ta tsayar da mazari, ta ƙura mata ido. "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, Inna. Ni ma haka nake."

Can tsohuwa ta ce, "Zafin ya yi 'yan shekarunsa ya rabu da ni. Ni dai ban taɓa tambayar kowa ba, 'yar nan. Maigidana har ya kwanta dama yana cewa in Allah ya sauke ni lafiya a sa wa yaron sunan babansa. Ban iya ce masa komai ba." Ta ci gaba da kaɗinta, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa.

Jikin Hure ya yi sanyi, amma tambayar ba ta mutu ba. Washegari ta bi matan da ke kai yara karɓar madarar gari a asibitin sha-ka-tafi na Rimin Gado. Akwai ungozomar gwamnati a wurin, Malama Sakinatu, mace mai faɗa da hannu mai taushi. Ta kwantar da Hure a benci, ta lallatsa, ta kafa wani ɗan ƙahon ƙarfe a mararta ta kara kunne ta daɗe tana saurare. Ta tambayi shekarunta, Hure ta lissafa mata da shekarar aurenta.

"Yaya, babu ciki," in ji ta a hankali. "Ba kwance ba, ba tsaye ba. Jinin al'ada ne ya zo ƙarshensa. Zafin nan da gumin da rashin barcin duk rakiyarsa ce."

Hure ta tashi zaune. "Ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne. Lokaci ne."

"Kowace mace?"

"Kowace, in ta yi tsawon rai. Wata ya zo mata da sauƙi, wata ya wahalar da ita."

"To me ya sa ba a faɗa?"

Malama ta yi dariya. "Ni ma na tambayi uwata, ta jefe ni da muciya."

Da Malama ta ji labarin kanwa da yaji da zane biyu da murhu, sai ta riƙe baki. Ta ce duk ta watsar da su, ta sa riga marar nauyi, ta yawaita ruwan randa da jiƙon tsamiya, ta watsa ruwa kafin ta kwanta, ta ci wake da gyaɗa da ganye iyakar abin da shekarar ta bari. In abin ya fi ƙarfinta, akwai ƙwayoyi a babban asibitin birni, amma sai likita ya duba ta tukuna, don ba kowace mace suke karɓa ba. In kuma jini ya dawo bayan dogon ɗaukewa, kada ta ce ciki ne ya tashi, ta zo da sauri. Hure ta yi ta jero tambaya har masu jira a waje suka fara tsaki.

A hanyar gida ta tsaya bayan wata kuka ta kwance zane ɗaya ta naɗe a kai. Iska ta shige ta, ta ji daɗin da ta manta da shi. Nan kuma kuka ya ƙwace mata, domin ashe ita ma, duk da tambayoyinta, ta ɗan sa rai. Ta ji sakayau, ta ji baƙin ciki, duka a ƙirji ɗaya. Ta tuna Inna Jumma da zarenta, ta share fuska ta kama hanya.

Ta iske Nata'ala da la'asar yana shanya babbar rigarsa, wadda zai sa gobe zuwa wajen Alhaji. Rago yana jan igiya yana neman abin da babu. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta zauna a gefe.

"Malam, ina da magana. Kada ka ba da gonar nan."

Ta gaya masa duka, daga Inna Jumma har ƙahon Malama, ba ta rage ba, ba ta sa zuma ba. Bai katse ta ba. Idonsa yana kan ragon har ta gama.

"Ko ta yi kuskure," ya ce.

"Ba ta yi ba. Ni ma na sani tun kafin in je. Na ɗauki ciki uku, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Ta ga wuyansa yadda ya rame, ta tuna sau nawa ya ture mata kwanonsa yana cewa ya ƙoshi. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Can ya tashi ya sauke rigar daga igiya da danshinta, ya ninke ya kai ɗaki. Ya dawo ya tsaya kan ragon, ya shafa bayansa.

"Gobe shi zai je kasuwa," ya ce. "Gona ta zauna."

Sai ga zafin ya taso mata, kamar yana jira. Ya hau wuya, ya hau fuska, gumi ya tsattsafo a goshi. Nata'ala ya waiwayo ya gani, fuskarsa ta fara washewa yadda ta saba.

"Ya mo…"

Ya haɗiye sauran. Can ya duƙa ya ɗauki faifai daga kan ƙwarya, ya zauna kusa da ita a tabarma, ya shiga yi mata fifita, a karkace, irin ta wanda bai taɓa yi ba.

"Shekara guda kina cikin wannan," ya ce, "ni kuwa ina murna." Ya gyara riƙon faifan. "Gaya mini, Hure. Daga ina yake fara miki?"