Cokalin Man-seok

A cocinmu kowace mace tana da jakar shinkafa mai sunanta, da ƙusar rataye ta kusa da ƙofar coci. Duk sanda za ki ɗora tukunya, sai ki ɗebi cokali ɗaya saboda kowane mai rai a gidanki, ki yi masa addu'a, ki zuba a jakar. Ran Lahadi a kawo, ni Ok-bun in juye a buhu, da shi ake ciyar da Fasto.

Ni na fara lura da jakar Iya Geum-rye. Tsohuwa ce, ita kaɗai a gidanta, amma jakarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Na ce, "Iya, ko kin yi sabon miji ba mu ji ba?"

Ta yi dariya. "Ja'ira! Ɗaya nawa, ɗaya na Man-seok."

Man-seok ɗanta ne tilo. Sojojin Arewacin ƙasarmu suka tafi da shi lokacin yaƙi, shekara goma sha huɗu ke nan, ko labarinsa ba a sake ji ba. Bakina ba ya riƙe magana. Kafin yamma na ba matar Dattijo Pyo labari, ina dariya.

Dattijo Pyo shi ya jagoranci rabuwarmu da cocin gindin gada, wai sun yi sassauci ga masu ajiye wa kakanni abinci. Tun daga nan yake baza hanci yana neman ƙanshin gunki a tukunyar kowa. Abin nema ya samu.

Lahadi ta gaba, bayan sujada, aka ce kowa ya zauna. Iya ta durƙusa a gaba, aka ajiye jakarta a kan tebur kamar kayan sata.

Dattijo ya ce, "Littafi ya hana ba matattu abinci, ya hana yi musu addu'a. Wa kike ɗiba wa cokali na biyu?"

"Ɗana, Dattijo."

"Yana ina?"

"Allah ya san inda yake."

"Mu ma mun sani. Yana ƙarƙashin ƙasa."

Ta ɗago kai. "Ka ga gawarsa? A Littafin nan ai akwai uban da ɗansa ya ɓata, ya yi ta duban hanya. Ban ji an kore shi daga coci ba."

Wasu mata suka yi gyaran murya. Fuskar Dattijo ta canza.

"Ku ji min tsohuwa! Baƙi ɗaya ba ki iya karantawa, za ki yi min fassara? Wancan ɗan ya dawo. Naki fa? Kuma tun yaushe mace ke koyar da dattawan ikilisiya?"

Fasto Byeon yana ta shafa bangon Littafinsa. Rabin ƙibarsa shinkafar matar nan ce, amma ko tari bai yi ba.

Dattijo ya sassauta murya, abin da ya fi tsawarsa muni. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko ta faɗa a gaban jama'a cewa ɗanta ya mutu, ta daina ɗibar masa, ko a cire sunanta daga ikilisiya. Ya ƙara da cewa, "Kin dai san maƙabartar kan tudu ta 'yan ikilisiya ce kawai."

Mijinta yana kwance a can. Wurinta na gefensa, ita da kanta take cire masa ciyawa duk bazara.

 Ta waiwayo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu da muka sha haɗa kabeji da yaji a tsakar gidanta. Da idonta ya zo kaina, na duƙa ina gyara safa. Kunya ta kama ni, amma tsoron Dattijo ya fi ta ƙarfi.

Ta ce, "Ya mutu."

Dattijo ya ce, "Na baya ba su ji ba."

"Ya mutu."

"Wa ya mutu? Ba shi da suna?"

"Man-seok ya mutu."

Dattijo ya ce Amin, muka amsa. Aka rera waƙar tunkiyar da ta ɓata aka samo, matarsa ta fi kowa ɗaga murya. Sannan aka ci abincin rana da shinkafar ranar, har Dattijo ya nemi ƙari.

Iya ba ta fasa zuwa coci ba. Lahadi ta gaba ta riga kowa isowa, ta rataye jakarta a ƙusarta. Da na zo juyewa, na zazzage, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Na bi ta har bakin ƙofa, na same ta tana saka takalmin robarta.

"Iya, kin manta? Naki cokalin ai ba a hana ba."

Ta dube ni ba fushi, da ma fushin ta yi.

"Ban manta ba, 'yar nan. Ba cewa aka yi cokali ɗaya ga kowane mai rai ba? Na duba gidan kaf, ban samu kowa ba."