Gurbin da ke Ƙirjin Ma'azu

Saura kwana goma a saukar da tutar Turawa, bijimi ya matse yayana Ma'azu da bango a kasuwar Illo. Ɗan dako ne, yana sauke gishiri daga jiragen ruwan Dahome. A kan ƙyaure aka kawo shi gida, yana jan numfashi guntu-guntu.

Babanmu, Malam Hamma, ya aika a kira Sambo maɗori. Ni kuwa aka ce in riƙe ƙwaryar ruwa a bakin ɗaki.

Sambo ya shigo da goro cike da baki. Hannun da ya fyace majina da shi a zaure, shi ya ɗora a ƙirjin Ma'azu. Ya lalubo dama yana ƙirga haƙarƙari, ya koma hagu. Da ya kai wani wuri sai yatsansa ya lotsa, Ma'azu ya yi ƙara.

"Alhamdu lillahi," in ji Sambo. "Babu karaya, tsami ne."

"To wanga rami fa?" Baba ya tambaya.

"Haba Malam, kai da karatunka? Gurbin Hauwa'u ke nan. Daga nan aka zare ta. Kowane namiji haƙarƙarinsa na hagu bai cika ba. Har masu coci na Dahome haka suke faɗi."

Ya tofa masa jan yawu a wurin, ya shafe da tafin hannu.

A makaranta an nuna mana hoton ƙasusuwan mutum a darasin tsabta. Haƙarƙari goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, ba a ce na mace ko na namiji ba. Na so in yi shiru, don ni ko a aji muryata rawa take, amma maganar ta kuɓuce mini.

"Baba, a littafi duka ɗaya ne."

Sambo ya yi dariya har guntun goro ya faɗo a gemunsa. Ya tsince ya mayar baki.

"Ka ji ɗiyar boko! Sakinatu, ke ƙashin da aka cire ce, za ki gaya wa mai jiki lissafinsa?"

"Fita," in ji Baba.

Na sami Goggo Atika, ƙanwar Baba, a bayan gida tana ɗaure ƙafar ɗan maraƙi. Ita ta gaji ɗori wurin kakanmu, amma ba a kai mata sai dabbobi da mata. Na faɗa mata abin da na gani. Ta wanke hannu, ta nufi ɗakin. Baba ya tare ƙofa.

"Yaya, bar ni in taɓa shi sau ɗaya."

"Sambo ya duba. In mace ta sa hannu a kan aikinsa, ya ce ɗorin warwarewa yake."

"Wane ɗori? Yawu ya tofa!"

"Atika, karkatacce ba ya miƙe wani. Koma wurin awakinki."

Kwana tara Ma'azu bai kwanta ba, a jingine yake. Kullum da safe Sambo ya zo ya ƙara tofi, ya ci tuwon ɗumame, ya yi gyatsa, ya tafi. Yawun ya bushe a ƙirjin yayana, ƙudaje suka samu wurin zama. A kwana na bakwai na ga jini a kaskon da yake tofa kaki. Na kai wa Baba. Ya ce mugun jini ne ke fita.

Rana ta goma ita ce ranar bikin 'yanci. Duk maza suka tafi fili kallon sabuwar tuta, Baba ya tsaya neman hularsa. Goggo ta same shi a tsakar gida, ta kama hannunsa, ta cusa a ƙarƙashin rigarsa.

"Mi kike yi haka?"

"Ƙirga naka. Kai ma namiji ne, ko ba haka ba?"

Baba siriri ne, ƙasusuwansa a fili suke. Ta riƙa jan yatsansa tana ƙirgawa da ƙarfi, kamar mai koya wa yaro. Dama ta cika. Hagu ma ta cika, babu rami ko na ƙwayar gero.

"Ina taka Hauwa'un ta fito?" in ji Goggo.

Baba ya zare hannunsa. Ya sa hula, ya fita, ya bar ƙofar ɗakin Ma'azu a buɗe.

Da ruwan ɗumi muka fara kankare yawun, sai da muka canza ƙwarya uku. Goggo ta lalubi wurin a hankali, idonta a rufe. Ƙashi biyu ne suka karye, suka nutsa ciki.

"An makara," ta ce. "Sun fara kamawa a haka. In na ja, zan huda shi."

Ta naɗe shi da ƙyallen sawaye, ta dafa masa sassaƙe, ta hana kowa motsa shi. Muna jiyo kiɗa daga fili.

Ma'azu ya tashi bayan wata biyu, amma ya bar dako har abada. Buhu ɗaya ya gwada ɗauka, ya durƙushe yana haki. Yanzu igiya yake tufka a zaure. Baba bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya ƙirga a jikinsa ba.

Jiya na kai musu fura, na tarar Sambo ya zo da baƙi biyu daga Dole Kaina. Ya ɗage rigar Ma'azu, yana nuna musu ramin.

"Ku taɓa ku ji ikon Allah. Ba kowa nasa ke fitowa sarai haka ba."

Suka taɓa ɗaya bayan ɗaya suna kabbara. Ma'azu ya kawar da fuska. Baba ya ce in ajiye furar in ƙaro ludayi.