Itacen Lemo a Gonar Aro

Shekara tara ke nan Babakura yana noman gonar da ba tasa ba. Gonar tana bakin Komadugu, kusa da Assaga. In ya miƙe daga cikin tattasai ya dubi kudu, yakan hango kan itatuwan tsallaken kogi, wajen da garinsu yake. Tun ranar da suka tsallako da tabarma ɗaya da tukunya, bai sake taka can ba. Waɗanda suka gwada komawa, wasu sun dawo da labari, wasu kuma labarinsu ne kawai ya dawo.

Marigayi Liman ne ya ba shi aron gonar. Ba a rubuta komai ba. Tsohon ya ce mishi a gaban mutum biyu, "Ka noma ka ci da iyalinka, har Allah ya buɗe muku hanyar gida." Hanya ba ta buɗe ba. Liman ya rasu, shaidun nan biyu suka bi shi, gona ta koma hannun ɗansa Kolo.

Maganar itacen kuwa, daga Fatime ta fara, matar Babakura. Wata shekara wata ƴar garinsu ta yi ƙarfin hali ta leƙa gida, ta dawo da lemun tsami guda shida daga itacen tsakar gidan su Fatime, wanda ya tsira duk da an ƙone ɗakunan. Fatime ta matse su a kunu, ta shuka ƙwayoyin a gwangwanin tumatir. Ɗaya ya fito. A sansaninsu ruwa ba ya isa, ga awaki, sai ta kai shi gona ta dasa a bakin hanyar ruwa.

Babakura ya san ba a yin haka. Kowa ya sani, nan da tsallake duk ɗaya ne: mai aron gona yana shuka abin da zai girbe ya tashi, amma wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Ya gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Wannan ɗan abin? Tattasanka ma ya fi shi tsawo. Ranar da za mu koma sai in cire abina." Ya bar ta. Damina ta gaba zazzaɓi ya ɗauke ta, ta bar mishi ƴaƴa mata biyu da itacen.

Bana itacen ya shekara huɗu, ya wuce kafaɗar mutum, ana ganinsa tun daga hanya. Ranar wata Lahadi Kolo ya zo, ya tsaya a gindinsa, bai ko ƙarasa gaisuwa ba.

"Malam Babakura, wannan mene ne?"

"Lemo ne."

"Na ga lemo ne, ban makance ba. Babana gona ya ba ka ko gado?"

"Aro ne, Kolo. Ban taɓa cewa ba aro ba ne."

"Bakinka bai ce ba, itacenka ya ce. Ka sare shi kafin Juma'a, ko mu haɗu a jistis a Diffa."

Babakura bai taɓa shiga gidan shari'a ba, amma ya ji yadda abin ke tafiya. Sai a ce kowa ya janye ƙafa daga gona har a gama bincike. Tattasai kuwa ya fara fure, kwana huɗu babu ruwa ya zubar da shi. In ya zube, babu abin da zai ci da ƴaƴansa har baɗi. Kuma me zai nuna wa alƙali? Takarda ɗaya gare shi a duniya, katin ɗan gudun hijira.

Litinin ya ɗauki gatari ya je. Ya tsaya, ya tsaya, ya ajiye. Talata ma haka. A ranar ne Kalli ya same shi.

Kalli magidanci ne mai gyaran injin ban ruwa, kowa a bakin kogi ya san hannunsa baƙi da mai. Watan da ya wuce aka kai shi formasiyo, wato horo, na kwana biyar a Diffa, shi da wasu, aka koya musu sasanta rigima ba tare da an je gaban alƙali ba. Ya dawo da littafin rubutu mai shuɗin bango wanda ba ya rabuwa da shi. Ya zo duba injin Babakura, ya ga gatari a gindin itace, ya tambaya, aka gaya mishi.

Ya goge hannu a wando ya buɗe littafin.

"Yaya Babakura, hanya biyu ce ban da jistis. Ta farko, ku sa yatsa kai da Kolo tun kafin a fara, cewa duk abin da bulama mai garin nan da dattawa biyu suka yanke kun karɓa, babu ja da baya. Ta biyu, ku zauna ku yi magana ina tsakani, har ku samo abin da ku biyun kuka yarda da shi. Ni ba na yankewa."

"A kwana biyar aka koya muku duk wannan?"

"Huɗu da rabi. Rana ta ƙarshe hoto aka yi ta ɗauka."

Babakura bai yi dariya ba. Ya san abin da bulama zai yanke, domin bulama mutumin kirki ne amma al'ada ba ta da baki biyu a kan wannan. Za a ce a sare. Wataƙila ma a ce mai dasa itace a gonar aro ya ci amana, ya tashi. In ya sa yatsa ya rufe wa kansa ƙofa. Ya ce a gwada maganar.

Zaman Laraba bai kai shan shayi ɗaya ba. Kalli ya shimfiɗa tabarma guda a ƙofar shagonsa, ya ce Babakura da Kolo su zauna, ya fara karanto dokoki: ba a katse mai magana, ba a nuna yatsa, kowa sai an ba shi dama. Kolo bai zauna ba.

"Kalli, tsaya. Ni da gonar ubana, sai ka ba ni izini in yi magana a kanta?"

"Haka tsarin yake."

"To mun ji. Yanke mana."

"Ni ba na yankewa."

"To me ka zo yi? Injin wani ya lalace ne?"

Masu jiran gyara suka fashe da dariya. Kolo ya gyara hularsa ya ce Juma'a dai Juma'a ce, ya tafi. Kalli ya zauna yana juya shafuka, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. Can ya ce a hankali, "Na tsallake shafi. Sai an ga kowa shi kaɗai tukuna, kafin a haɗa su."

Bayan la'asar ya zo gona, babu littafi. Ya taya Babakura buɗe wa kunya uku ruwa, sannan ya ce, "Na san abin da kake so. Me kake tsoro?"

Babakura ya daɗe yana kallon ruwan yana bin laka.

"Kabarin Fatime ban san wanne ba ne yanzu. Ambaliya ta daidaita wurin. Gidanmu ga shi can, ina gani ba na zuwa. Wannan kaɗai ne ta taɓa da hannunta yana nan. In na sare, na sare. In ban sare ba, yarana su kwana da yunwa. Ka ga inda nake."

"Zan je wajen Kolo," in ji Kalli. "Shi ma tambayar ke nan."

Abin da suka yi da Kolo, Babakura bai sani ba. Ya dai ji cewa Kalli ya kwance wa Kolo injinsa ya wanke ya ɗaura, suna hira. Alhamis da hantsi sai ga su a gona, da bulama da dattawa biyu, ba don su yanke ba, don su ji. Kowa ya nemi inda zai tsuguna a kan gaɓar kunya.

Kolo ne ya fara, muryarsa ba irin ta Lahadi ba.

"Malam Babakura, ni ban ce kai mugu ne ba. Shekara tara ko ɗan akuyata ba ka taɓa jifa ba. Amma ni da kai za mu mutu. Ƴaƴanka su ce ga itacen uwarmu, ƴaƴana su ce ga gonar kakanmu. Shaidun babana duk suna ƙasa, itace kuwa yana tsaye. Wa za a saurara? Ɗan baffana haka ya rasa rabin gonarsa, a kan mangwaro biyu."

"Sai a rubuta," in ji Babakura. "In sa yatsa cewa ƙasa taka ce, itace bai ba ni komai ba."

"Takarda?" Kolo ya girgiza kai. "Ruwan bara ya tafi da akwatina da duk abin da ke ciki, har takardar haihuwar yarana. Takarda ta jiƙe, itace sai ƙara girma yake."

Duk inda Babakura ya juya sai ya tarar da gatarin nan. Kolo ya tsinki ciyawa ya jefar, ya ce kamar yana magana da kansa, "Da ni na dasa shi da hannuna, wa zai yi magana?"

Kalli ya ɗaga kai. Ya buɗe baki, ya tuna ba ya yankewa, ya rufe. Sannan ya ce, "Kolo, ban ji da kyau ba. Maimaita."

"Na ce da ni na dasa shi."

Ya maimaita, shi ma sai ya ji abin da ya faɗa. Bulama ya shafa gemu ya ce, "A wajenmu dai, hannun da ya sa itace cikin rami shi ake tambaya. Ba a tambayar wanda ya kawo iri."

Duk suka juyo suna kallon Babakura. Shi manomi ne, ya san abin da ake nufi. A tono itace mai shekara huɗu, a yanke mishi jijiya, a cikin wannan rana. Wani yakan tashi, wani ba ya tashi.

"A bari sai sanyi ya shigo," ya ce. "Wata ɗaya kawai."

"Na riga na ce Juma'a a gaban mutane," in ji Kolo. "Kuma sai ya rabu da ƙasa gaba ɗaya, kowa ya ga haske a ƙarƙashinsa. Ba wasan yara za mu yi ba."

Babakura ya dubi Kalli. Kalli ya sunkuyar da kai yana murza baƙin man da ke farcensa. Ba wanda zai ɗauke mishi wannan. Ya ce, "To. Amma ni zan tona."

Juma'a bayan asuba ya fara. Ya zagaya itacen da faɗi, ya yi nisa da gindi yadda ƙarfinsa zai iya. Da ya kusa jijiyoyi sai ya ajiye magirbi ya koma tono da yatsu. Duk da haka uwar jijiyar ta nutse ƙasa fiye da tsawon hannunsa, dole ya sa wuƙa. Da hantsi mutane suka taru. Su huɗu suka cicciɓi itacen da ƙasarsa, suka aza a kan buhu. Bulama ya sunkuya ya leƙa ramin ya ce, "Mun gani."

Kolo ya naɗe hannun riga, ya rungumi gindin, aka taimaka mishi ya mayar da shi cikin ramin nan dai. Ya yi bismilla, ya ce da ƙarfi, "Ku shaida, ni Kolo ɗan Liman na dasa lemo a gonata." Ya tura ƙasa, ya fara tattakawa da dunduniya.

"A hankali," in ji Babakura. Bai san maganar ta fita ba.

Kolo ya dube shi, ya sassauta ƙafa.

Kalli ya rubuta sauran a littafinsa, ya karanta musu: itace na Kolo ne, shi da ƴaƴansa, Babakura zai ci gaba da noma, amma aro na shekara ɗaya ne, duk bayan girbi sai ya zo gaban bulama ya sake roƙo. Suka sa yatsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce wa Kalli ashe ba inji kaɗai yake gyarawa ba, Kalli ya yi ta murmushi har aka watse. Babakura ya tayar da inji ya shayar da tattasansa, fure bai zube ba.

Kwana uku bayan haka ganyen lemon ya fara naɗewa. Rana ta biyar ƙasan itacen ya cika da ganye. Babakura ya san maganin: a rage rassa, a bar kaɗan, don jijiyar da ta saura ta iya ɗaukar nauyi. Ya wasa wuƙa, ya kama reshe na farko, har ya ɗora kaifin a kai. Sai ya tsaya. Ba a sa wa itacen wani wuƙa sai da izininsa, kuma shi ne ya sa yatsa.

Ya mayar da wuƙar aljihu, ya bi gaɓar kogi a ƙafa har ƙofar gidan Kolo, ya yi sallama. Matar gidan ta amsa daga ciki ta ce maigidan ya tafi Diffa tun jiya, wajen wani ɗan uwa da ba shi da lafiya.

"Yaushe zai dawo?"

"Bai faɗa ba, Malam. Ko gobe, ko jibi. Wayarsa ma ga ta nan ya manta. Saƙo ne?"

"A'a," ya ce. "Sai da bakinsa."

Ta miƙo mishi ruwa a kwano, ya sha ya yi godiya. Ya dubi rana, ta kusa tsakiya. Ya gyara zama a inuwar katanga, yana fuskantar hanyar da motocin Diffa ke ɓullowa.