Bututu ta Bayan Ɗakin Turai

Tun ranar da ruwan rijiya ya fara wari Malam Barau ya san abin ba zai tsaya a rijiyar ba. Mako bai zagayo ba aka kwantar da autarsa Safiyatu a asibiti, amai da gudawa sun tsotse ta.

Shekarar da kwangilar yashi ta buɗe masa ya ga masai na zamani a Kano, ya ce sai an ga irinsa a Birnin Kudu. Aka binne bututu daga banɗaki zuwa wani rami a waje, ya bi ta gefen rijiya.

Yanzu Maikano magini ya tone wajen, ya toshe hanci da hularsa.

"Malam, wannan ai da kanka ka haɗa su aure. Bututun ya tsage, rijiya na sha."

"A liƙe mana."

"In na liƙe, baɗi ka sake nemana. Sai an sauya masa hanya." Ya zagaya gidan yana duba ƙasa, ya tsaya bayan ɗakin Turai, uwar Safiyatu. "Nan ne kawai gangare. Ruwa ba ya hawa tudu don maigida na da kwangila."

Barau bai yi dariya ba. Gyaɗar bana ya riga ya sayar don aikin, wannan bai dame shi ba. Amma a wannan lungun aka binne ɗansu na fari, wanda ya koma kafin ranar suna. Ba a sa alama ba, damina da yawa sun wuce ta kai. Turai ko ruwan wanke-wanke ba ta bari a zuba a wurin.

Da la'asar ta dawo daga asibiti ɗaukar zane. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ta kewaye-kewaye, zancen siminti, zancen gangare.

"Malam, ta bayan ɗakina za a bi?"

"Haka Maikano ya ce. In kuma ba ki so, sai a cike rijiyar, mu riƙa sayen ruwa."

"A cike, ƙazantar ta tsaya? Gidan Iliyasu ma rijiyarsu na jikin katangarmu." Ta ninke zanen, ta sake warware shi. "Yarinyar nan ko kuka ba ta iya yi yanzu. A haƙa. Amma kada baƙo ya sa diga a wurin."

Washegari, da ramin ya iso lungun, Barau ya karɓi fartanya ya shiga da kansa. Maikano ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya ja gefe ya cire hula. Barau yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, yana murza kowane dunƙule a tafin hannu kafin ya jefar. Saiwar dalbejiya ya gani, da fasasshen kasko, sai ƙasa ja.

Aka shimfiɗa sabon bututu, aka mayar da ƙasa, Maikano ya daddanna ta da ƙafa a hankali.

Turai na asibiti, ba ta tambaya ba tukuna. Barau bai san ko ta gefen yaron bututun ya bi ba, ko ta kansa. Likita ma bai ce komai game da Safiyatu ba.